Kujerar Kan Inji

Mijina Merv Tregear bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba. Dole in fara da wannan, don duk wanda ya ji shi yana magana sai ya ɗauka shi ya ƙera su. Takalma ya yi ta sayarwa a wani kanti a Box Hill har ya yi ritaya. Amma tun kafin in aure shi yake cikin kulob ɗin masu son jiragen lantarki na Melbourne, kuma a can ba wanda ke ce masa Merv. Kunne suke kiransa.

Ga ilimin da na samu a wannan aure ba da son raina ba. Tsoffin jiragenmu masu launin azurfa tarago shida ne. Na farko mai inji, na biyu babu, sai biyu masu inji a tsakiya, sai wani marar inji, sai na ƙarshe mai inji. Kowane tarago yana zaune kan sandunan ƙarfe huɗu, kowace sanda da ƙafa a bakinta na dama da na hagu. A tarago mai inji, kowace sanda tana da injinta da ke juya ta. A marar inji kuwa, wanda suke kira tirela, sandunan ba su da aiki sai bin 'yan'uwa. Na ji wannan bayani ranar aurenmu, na ji shi ina naƙudar ɗiyarmu, na kuma ji shi a jana'izar mahaifiyata, inda Merv ya samu wani kawuna a lungu ya tsare shi.

Al'adar kulob ita ce duk tafiyar da za a yi, maza su shiga tarago na farko, mata su shiga na biyu. Suna da wata zolaya da ba ta tsufa a bakinsu, wai su ne inji, mu ne tirela, su ja mu bi. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya dafa ƙwan da ke cikin burodi, wa ya cika fulas da shayi, wa ya nemo wa injin tabarau ɗinsa, wa ya tuƙo shi zuwa tasha. Mu dai tirela ta yi mana, don ba hayaniya, muna jin maganar juna.

A taragon mazan akwai kujera guda ta gefen taga, daidai kan sanda ta biyu, inda suka ce kukan inji ya fi fitowa ta ƙasa. Wannan ita ce kujerar Kunne. Mai ita shi ke ajiye makirfo a ƙasa ya ɗauki sauti, shi ke yanke hukunci. Muddin jirgi na tafiya ba a magana, tari ma in za ka iya riƙewa ka riƙe. Sai an tsaya a tasha Kunne zai buɗe ido ya faɗi abin da ya ji, sauran su gyaɗa kai. Merv ya fi shekara talatin a kan kujerar nan, kuma ba na jin akwai abin da ya fi so a duniya sama da ita. Ban cire kaina ba.

Ba zan ci amanarsa ba, da can yana da kunne na gaske. Muna karin kumallo jirgi zai wuce bayan gidanmu, ya ajiye cokali ya ce injin sanda ta uku a tarago na ƙarshe zai ba da matsala. Bayan 'yan kwanaki sai a ji an cire taragon an kai gyara. Abin yana ba ni haushi, yana kuma burge ni, ban dai taɓa gaya masa na biyun ba.

Sai butar shayi ta fara ihu a kan wuta yana zaune kusa da ita yana karanta jarida. Sai ƙararrawar ƙofa. Sai jikarmu ta yi ta kiran kaka, kaka, har ta gaji ta zo ta ja masa riga. Na yi maganar likita, ya ce ni ce na koma magana ciki-ciki. Na san abin da yake tsoro. Shekarun baya, da wani ɗan kulob mai suna Arthur ya zo da na'urar ji a kunne, Merv ne ya miƙe a taro ya ce wanda ya sa na'ura, na'ura yake ji ba inji ba. Da bakinsa ya kawo dokar cewa mai na'ura ba ya zama kusa da kujerar, balle a kanta. Aka tura Arthur can bakin ƙofa, daga baya ya daina zuwa.

Da aka sanar za a janye jiragen azurfa daga aiki, aka ba kulob tafiyar bankwana zuwa Belgrave, don a can ne hawan tudu yake, inda inji ke buɗe murya. Sautin da aka ɗauka ranar za a ajiye shi a gidan tarihi da sunan mai kujera a jiki. A taron da aka yi kafin tafiyar ne Col Zammit ya miƙe. Col tsohon mai gidan burodi ne, gajere mai faɗin ƙirji, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar.

"Ni ba na ɓoye-ɓoye," in ji shi. "Kunnen Kunne ya mutu. Haddar layin yake karanto mana. Ranar Lahadi zan zauna gabansa, in na kama shi ya faɗi abin da inji bai yi ba, ya tashi ya ba ni wuri."

Merv ya ce ya yarda. Ina can ƙarshen ɗakin wajen kofuna, na kuma lura sai da ya kalli bakin na kusa da shi kafin ya amsa.

Ranar Lahadi muka taru a tashar Flinders Street da safe, ana ɗan yayyafi. Tsofaffi goma cikin rigunan ruwa suka jeru suna shafa jikin jirgi kamar dokin da za a sayar. Merv ya sa hularsa ta kulob, bai ci komai ba tun da ya tashi. Suka shige na farko, muka shige na biyu.

Carmen matar Col ta zauna kusa da ni. Ƙawata ce tun 'ya'yanmu na makarantar firamare, rigimar mazanmu ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Ba mu wuce tashar Richmond ba ta buɗe jakarta ta karkato mini ita. A ciki, tsakanin kwalbar magani da alewar tari, ga wani ɗan akwati mai launin toka.

"Kin san mene ne wannan?"

"Akwatin na'urar ji? Ba dai na Col ba?"

"Na wa kuwa? Tun bara yake sawa. A mota ya cire ya ce in riƙe, wai in na gaya wa wani zai koma gidan ƙanwarsa. Na ce ya bari in taya shi haɗa kaya."

"To shi da me zai kama Merv?"

"Ke ma kya faɗa. Wai yana jin ƙasa-ƙasan sautin, hakan ya ishe shi. Ƙasa-ƙasa! Jiya na ce masa bahon wanka ya cika yana zuba, ya ce a sa masa sukari biyu."

Wata da ke bayanmu ta leƙo, ta buɗe tata jakar. Nata akwatin shuɗi ne. Wata kuma can gefe ta ɗaga nata sama kamar tikiti. Muka yi dariya har sai da na goge ido, amma ni dariyar ba ta kai mini ciki ba. Su mazansu ko ba komai sun je wurin likita.

Bayan mun bar Ringwood lokacin shayi ya yi, na ɗauki fulas da kwandon burodi na nufi gaba. A tsakanin taragun biyu na tarar da Sela, ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita don ta kula da tafiyar, mace mai jiki da fara'a, ta jingina da ƙofa tana cizon leɓe.

"Mama, ke ce matar mai hular nan?"

"Ni ce, ban da yadda zan yi."

"Ki taimake ni. Tun kafin mu tashi injunan taragon farko suka nuna matsala, direba ya kashe su duka huɗu. Sauran taragu uku masu inji ne ke tura mu. Wannan na gaban yanzu ba shi da bambanci da naku."

"Kin gaya musu?"

"Na shiga sau biyu. Da na buɗe baki sai duk su ɗaga mini hannu. Na biyun wani ya nuna mini ƙofa da sandarsa." Ta leƙa ta gilashi. "Me suke saurare ne?"

Na ce ta bar ni da su, na tura ƙofa.

Ni ba gwanar inji ba ce, amma na yi rabin rayuwata a tirela, na san shirunta kamar yadda na san ɗakin girkina. Shi na tarar a taragon maza. Ƙafafu na buga mahaɗar dogo, taga ɗaya na karkarwa, wani na numfashi da ƙyar. Wannan kukan mai tashi sama da ke sa ni ciwon kai duk lokacin da na kawo shayi, babu shi ko kaɗan. In ka kasa kunne sosai za ka jiyo shi can nesa, daga tarago na uku. A cikin wannan shiru tsofaffi goma sun rufe ido, sun karkata kai gefe guda. Ɗaya yana kaɗa yatsa a gwiwa. Wani har ya dafe ƙirji.

Merv na kan kujerarsa, makirfo a tsakanin takalmansa, Col na gabansa gwiwa da gwiwa. Na tsaya da fulas a hannu har jirgi ya tsaya a Bayswater.

Merv ya buɗe ido, ya gyara murya. A bakin 'yan kulob, jirgin nan mace ce. "Ta tashi lafiya daga Ringwood. Ta ɗan yi nauyi da farko, sannan ta saki. Tsohuwa ce, amma muryar na nan."

Aka yi ta gyaɗa kai. Col ya sha kunu, ya matso.

"A ina ta canza murya?"

"Bayan gadar, kamar kullum."

"Kamar kullum, ko kamar yau?"

"Kai ba ka ji ba ne, Col?"

Col ya ja baya a kujerarsa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, duk fuskokin da ya gani na mutanen da suka ji ne. Na ga tunanin yana tafiya a goshinsa. In ya ce bai ji komai ba, to ko dai inji ne ya yi shiru, ko kunnensa ne, kuma ya fi kowa sanin abin da ke cikin jakar matarsa.

"Na ji mana," in ji shi. "Gwada ka nake yi."

Na zuba musu shayi. Ba wanda ya ce na gode, don jirgi ya riga ya tashi, doka ta dawo.

Ban koma tirela ba, na zauna a kujerar bakin ƙofa. Raina ya so in miƙe in faɗa. Shekara da shekaru ana ce mini tirela, ga shi yau an zuba su duka a cikin tirela suna ta sujada ga ƙasan da ba komai a ciki. Maganar har ta zo bakina, da daɗinta. Sai na kalli Merv da kyau. Idonsa ba a rufe yake duka ba. Ya bar ɗan siririn wuri yana satar kallon turakun waya da ke wucewa, don ya san inda aka kai. Gumi ya jiƙa bakin hularsa a wannan sanyi. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin tausayin. Na rufe fulas na yi shiru.

Daga Upper Ferntree Gully aka fara hawan tudu. Da injuna huɗu a kashe, jirgin ya dinga jan jiki kamar mai ciwon baya, bishiyoyi na wucewa ɗaya bayan ɗaya har kana iya ƙirga rassan. Da aka tsaya a Upwey, Merv ya ce direban mutumin kirki ne, yana lallaɓa ta da gangan don mu more. Sai ya ce bai taɓa jin ta yi kuka mai tsabta irin na yau ba.

Wannan ya buɗe ƙofa. Mai kaɗa yatsa ya ce shi tsigar jikinsa ce ta tashi a kwanar ƙarshe. Mai dafe ƙirji ya ce sautin ya tuna masa da ranar da ya fara zuwa aiki. Wani ya ce ya ji ta har cikin haƙoransa, alhali haƙoran na roba ne, kowa ya sani. Col ya ga ana rabon ganima ba da shi ba.

"Ni akwai abin da na ji da ba wanda ya faɗa," in ji shi. "Sanda ta uku tana ɗan gurnani in an matsa mata."

Duk aka juya ga Merv. Ya kalli rufin tarago.

"Da gaskiyarka, Col. Na so in faɗa, na bar maka ne."

Col ya hura hanci, ya kalli jama'a. Kafin mu isa Belgrave mutum uku sun ji gurnanin, ɗaya ma ya ce tun Camberwell ya fara jin sa.

A Belgrave suka fito kan dakalin tasha suna ɗingishi, ido jajur. Col ya miƙa wa Merv hannu a gaban kowa, ya ce ya janye maganarsa, kujera ta Kunne ce, sunansa za a rubuta a gidan tarihi. Aka tafa. Aka ɗauki hoto a gaban taragon farko, kowa ya ɗora tafin hannu a jikinsa, wai suna jin ɗumin inji. Sela na can gefe tana kallona, na girgiza mata kai, ta ɗaga kafaɗa ta tafi neman kofi. Carmen ta raɗa mini cewa ba ta taɓa ganin Col ya sauko da wuri haka ba, me ya faru a ciki? Na ce mata sai daga baya.

A hanyar dawowa direba ya koma ɗaya ƙarshen, taragon maza ya zama na baya, aka bar ɗaukar sauti, suka cinye burodin duka.

Da yamma muka sauka a tasharmu, muka shiga mota. Na sa makulli, na jira Merv ya ɗaura bel, bai ɗaura ba. Rikodar na kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu. Mutumin da ya ci nasara, amma fuskarsa kamar wanda ya dawo daga asibiti.

"Noelene."

"Na'am."

"Ke da kika zauna a ciki, yaya ta yi?"

Na juyo na kalle shi.

"Ban ji komai ba," in ji shi. Yana magana da ƙarfi, kamar yadda yake yi yanzu in yana ganin ya yi ƙasa da murya. "Da can ina jin ɗan wani abu can ƙasa, sai in ƙarasa sauran da kaina. Yau ko wannan babu. Tun daga Flinders Street nake jira ta fara. Rana ta ƙarshe, Noelene, kuma a ranar kunnen ya ƙarasa mutuwa."

Ban taɓa jin ya ambaci kunnen da bakinsa ba sai ranar. Na kama haɓarsa na juyo da fuskarsa sosai don ya ga bakina, na yi magana dalla-dalla.

"Merv, ba kunnenka ba ne. Injunan taragon a kashe suke. Direba ya kashe su tun kafin a tashi. Ma'aikaciyar ce ta gaya mini. Ba abin da za a ji."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya yi wani murmushi da bai yi mini irinsa ba tun muna saurayi da budurwa.

"Col ya ji."

"Col ƙarya ya yi."

"Dukansu sun ji. Mutum tara."

"Dukansu ƙarya suka yi. Kai ma ai ka yi."

"Ni kurma ne, dole in yi. Su me zai sa?"

"Don su ma kurame ne! Na'urar Col tana cikin jakar Carmen, da idona na gani."

"Har Carmen kin jawo ciki." Ya girgiza kai, ya dafa hannuna ya ɗan bubbuga. "Ba ki iya ƙarya ba, tsohuwa, ba ki taɓa iyawa ba. Amma kin kyauta. Gurnanin nan da ya ji a sanda ta uku, kin san irin kunnen da ke kama wannan? Ni a da nake kama irinsa."

"Merv, ka saurare ni."

"Gobe zan kira shi. Kujerar tasa ce, sunansa za a sa. Ba zan zauna a kanta ina yaudarar mutanen da ke ji ba."

Ya ja bel ya ɗaura. Na ci gaba da magana, na ɗaga murya har wata mata da ke wucewa da kare ta waigo. Amma ya riga ya juya fuskarsa wajen taga, kuma in bai ga bakina ba, ba abin da ke shiga.